Zuciyar ɗan dambe ba duka a jini take ba

A gidan dambe a Gusau, da yaro ya naɗe hannu ya yi kisa, wato ya kayar da abokin karawarsa, a turmin farko, sai ka ji 'yan kallo na cewa, "Ai ɗan mahauta ne, jinin ne." Wato da zafin rai aka haife shi.

Gadon akwai, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Binciken da aka daɗe ana yi kan tagwaye ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane ne ke da alaƙa da ƙwayoyin gado, su ma dubbai ne, kowace da ɗan tasirinta ƙanƙane. Ko ƙwayar gadon nan mai suna MAOA, wadda Turawa suka laƙaba wa "ƙwayar mayaƙa", wani bincike na 2002 a Niyu Zilan ya gano ta fi alaƙa da faɗace-faɗace ne ga waɗanda aka gallaza wa suna yara.

Ɗan mahauci kuwa a bakin fage ya buɗe ido, yana ɗaukar wa yayansa zare da ruwa, kalangu na kiran sunan gidansu. Mai fushi ma, ni dai a ganina, shi ake fara kayarwa, don yakan manta da hannun kariya.