Fadar Himeji

Fadar Himeji tsohuwar fada ce mai ganuwa da ke kan tudun Himeyama a birnin Himeji, lardin Hyogo na ƙasar Japan. Mutanen ƙasar na kiranta Shirasagi-jo, wato "fadar farar balbela", saboda farin farar ƙasa da aka shafe bangonta da shi. Tana cikin fadoji 12 kacal a Japan da babbar hasumiyarsu ta asali ke tsaye har yau.

Tarihi

Ana danganta kafuwarta da wajen shekarar 1333, lokacin da jagoran yaƙi Akamatsu Norimura ya kafa sansanin yaƙi a kan tudun, ɗansa Sadanori kuma ya sake gini a 1346, kodayake wasu masana na ganin asalin fadar bai kai wannan tsufa ba. Toyotomi Hideyoshi, jagoran yaƙin da daga baya ya mulki Japan, ya ɗora hasumiya mai hawa uku a 1581. Bayan yaƙin Sekigahara na 1600, Tokugawa Ieyasu, wanda ya ci yaƙin, ya ba surukinsa Ikeda Terumasa fadar, Terumasa ne kuwa ya yi ginin da ake gani yanzu tsakanin 1601 da 1609. Honda Tadamasa, wanda ya riƙe fadar daga baya, ya ƙara ɓangaren yamma wajen 1618.

An yi wa birnin ruwan bama-bamai a 1945, gidaje suka ƙone, fadar ta tsira. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ma ba ta kayar da ita ba. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993.

Gini

Babbar hasumiyar ta kai mita 46. Daga waje hawa biyar ake gani, amma a ciki shida ne, ga kuma ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Dabarar tsaronta ta fi komai ban sha'awa: hanyoyin shiga a karkace suke, sai maƙiyi ya yi ta kewaye alhali ana hangensa daga sama. An huda bango da ƙananan kafofi, wasu zagaye, wasu masu kusurwa uku ko huɗu, don harbin kibiya da bindiga, akwai kuma wuraren sako duwatsu kan mai hawa bango.

Ziyara

An sake buɗe hasumiyar a Maris 2015 bayan gyara. Daga tashar jirgin ƙasa ta Himeji tafiyar kamar minti 20 ce a ƙafa. Ana tuɓe takalmi kafin a shiga, matakalar katakon kuma a tsaye take sosai. Cunkoso ya fi yawa a farkon Afrilu, lokacin da bishiyoyin sakura (cherry) ke fure.