Manufar Kuɗi ta Babban Banki

Manufar kuɗi ita ce matakan da babban banki ke ɗauka don daidaita yawan kuɗin da ke yawo a hannun jama'a da kuma tsadar rance. Babban abin da ake nema shi ne shawo kan hauhawar farashi, ko da yake doka ta ɗora wa babban bankin Amurka kula da samuwar aikin yi ma. New Zealand ce ta fara ayyana ma'aunin hauhawar farashin da za ta riƙe a 1990. A yau manyan bankunan Ingila da Amurka da Tarayyar Turai duk kashi 2 cikin ɗari a shekara suke hari.

Makamin da ya fi ƙarfi shi ne kuɗin ruwan da babban banki ke ƙayyade wa bankunan kasuwanci. Idan ya ɗaga shi, su ma sai su ɗaga wa masu karɓar bashi. Kamfanin da ya yi niyyar faɗaɗa masana'anta ya dakata, mai son sayen gida da rance ya fasa, mai ajiya kuma ya bar kuɗinsa a banki tunda ribar ta ƙaru. Saye ya ragu, farashi ya fara lafawa. Sau da yawa darajar kuɗin ƙasar ma kan tashi, domin masu zuba jari na waje kan bi inda ruwa ya fi tsoka. Akwai kuma sayar da takardun lamunin gwamnati, wato takardun shaidar bashin da ake bin gwamnati, don janye kuɗi daga bankuna, da ƙayyade kason ajiyar da banki ba zai bayar rance ba: in kashi 10 ne, cikin kowace ɗari, goma ba ta fita.

Wahalar aikin tana cikin jinkiri. Mataki kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin tasirinsa ya cika, don haka da hasashe ake yanke shawara, hasashe kuwa yakan ci amana. A 1980, hauhawar farashi a Amurka ta haura kashi 13. Babban bankin ƙasar, ƙarƙashin shugabansa Paul Volcker, ya kai kuɗin ruwa wajen kashi 20. Zuwa 1983 hauhawar ta sauko kusan kashi 3, amma a ƙarshen 1982 rashin aikin yi ya kai kashi 10.8.

Maganin ba ya cin kowace cuta. Idan fari ko yaƙi ne ya rage kaya, ɗaga kuɗin ruwa ba zai ƙara ko buhu ɗaya ba, sai dai ya hana tsadar bazuwa. Mafi muni shi ne gwamnati ta sa bankin buga mata kuɗi don cike giɓin kasafi, abin da ke karya darajar kuɗin, kamar Zimbabwe wadda a 2009 ta fitar da takardar kuɗinta ta dalar Zimbabwe tiriliyan 100. Wannan ne dalilin ba manyan bankuna 'yancin kansu.

Idan kuwa kuɗin ruwa ya kusa sifili har ba sauran damar rage shi, kamar bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008, bankin kan ƙirƙiri kuɗi ya sayi takardun lamuni masu yawa, dabarar da Japan ta soma a 2001.