Amfani da Imel a Kwamfutar Aljihu ta PDA

PDA ƙaramar kwamfuta ce da ake riƙewa a tafin hannu, wadda aka ƙera domin ajiye lambobin mutane, jadawalin alƙawura da gajerun bayanai. Sunan ya bazu ne a shekarar 1992, lokacin da John Sculley, shugaban kamfanin Apple na wancan zamani, ya yi amfani da shi wajen bayyana na'urar Newton, wadda ta shiga kasuwa a 1993. Sai dai wadda ta karɓu sosai ita ce Pilot ta kamfanin Palm, da ta fito a 1996, daga baya kuma na'urorin Pocket PC masu aiki da tsarin Microsoft suka biyo baya a shekarar 2000. Karanta imel da amsa shi na cikin manyan ayyukan da aka ɗora wa waɗannan na'urori, duk da cewa yawancinsu ba su da hanyar shiga intanet da kansu. Allon Palm na farko ɗigo 160 ne a tsaye, 160 a kwance, ma'ajiyar Pilot 1000 kuwa kilobait 128 ce kacal. Wannan ƙaranci shi ya tsara yadda manhajojin imel ɗinsu suke aiki: kullum tambayar ita ce me za a sauko da shi, me kuma za a bari a can.

Ta hanyar kwamfutar tebur

Hanya ta farko ba ta buƙatar na'urar ta taɓa intanet ko kaɗan. Ana ɗora ta a kan mazauninta, wanda waya ta haɗa shi da kwamfutar tebur, sai a danna maɓalli. A Palm ana kiran wannan aiki na daidaita na'urorin biyu HotSync, a Pocket PC kuma ActiveSync. Manhajar imel ta kan kwamfuta, irin su Outlook ko Eudora, ita ce mai karɓar saƙonni daga intanet, na'urar aljihu kwafi kawai take ɗauka. Mutum zai karanta a hanya, ya rubuta amsa da tsinken rubutu, amsar ta zauna a akwatin fita har sai an sake ɗora na'urar a mazauninta, sannan kwamfuta ta aika. Manhajar Mail da ta zo da PalmPilot Professional a 1997 haka take aiki.

Abu biyu ne ke yawan rikita sabon shiga a nan. Na farko, danna "aika" ba ya nufin saƙo ya tafi; idan ba a yi HotSync ba, ko an yi amma manhajar kwamfutar ba ta kan layi, saƙon yana nan kwance. Na biyu ya fi ciwo: saƙon da aka goge a na'ura, ana goge shi a kwamfuta ma a daidaitawa ta gaba, domin akwatin ɗaya ne ake kallo ta taga biyu. Ita dai Mail ba ta ɗaukar fayilolin da aka maƙala wa saƙo, kuma tana datse dogon saƙo. Mai na'ura ne ke zaɓar iyakar, daga haruffa 250 zuwa 8,000. Akwai kuma matata da ake saitawa domin a ɗauko saƙonnin wasu mutane kaɗai, ko waɗanda ba a karanta ba.

Haɗuwa kai tsaye da saba

Hanya ta biyu ita ce na'urar ta yi magana da sabar imel da kanta, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonni a intanet. Wannan na buƙatar manhaja ta daban. A ɓangaren Palm an san MultiMail, wadda Palm ya saya a 2000 ta koma VersaMail, da SnapperMail, da Eudora ta kamfanin Qualcomm. A Pocket PC kuwa manhajar Inbox tana yin aikin biyu, daidaitawa da kuma haɗuwa kai tsaye.

Kafin manhaja ta yi komai sai an samu layi. Da farko modem ake jonawa a gindin na'urar a kira ta wayar tarho. Daga baya aka riƙa aron layin wayar salula ta hasken infrared: a ajiye waya da PDA fuska da fuska a kan tebur, tazararsu ba ta kai mita ɗaya ba, kuma kada wani abu ya gifta. Kiran bayanai na GSM gudunsa kilobit 9.6 ne a daƙiƙa, kuma da minti ake biya. Zuwan GPRS, sabuwar hanyar ɗaukar bayanai a layin salula, ya sauƙaƙa lamarin, domin ana biyan abin da aka sauke ne. A saitin na'ura ana sa lambar kira *99# ko *99***1#, tare da sunan APN, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin sadarwa. Bluetooth ya kawar da wahalar jera na'urori, Wi-Fi kuma ya zo a samfura irin su Tungsten C ta 2003.

Saitin asusu yana buƙatar adireshin imel, sunan shiga, kalmar sirri, sunan sabar karɓa da sunan sabar aikawa, kowace da lambar ƙofarta. Ƙa'idojin karɓar saƙo biyu ne, POP3 da IMAP. POP3 tana amfani da ƙofa 110, ko 995 idan an rufe layin da SSL, tsarin da ke ɓoye bayanai a kan hanya. IMAP tana amfani da 143, ko 993 a rufe. SMTP, wadda ita ce ta aikawa, tana da 25, 587 da 465. Wasu sabobin suna son cikakken adireshin imel a matsayin sunan shiga, wasu kuma abin da ke gaban alamar @ kawai, kuma kuskure a nan kama yake da kuskuren kalmar sirri.

Zaɓi tsakanin POP3 da IMAP ba ƙaramin abu ba ne. Asalin halin POP3 shi ne ta sauke saƙo ta goge shi daga saba. Idan ba a kunna zaɓin barin saƙonni a saba ba, na'urar aljihu za ta kwashe wasiƙun, mutum ya koma kwamfutarsa ya tarar da akwati wayam. Abin da ke ƙara muni shi ne tsofaffin PDA suna ajiye komai ne a ma'ajiyar da batir ke riƙe da ita, saboda haka in batir ya mutu ƙurmus, saƙonnin sun tafi ke nan. IMAP tana barin komai a saba, tana tuna wanda aka karanta da wanda aka amsa, tana kuma nuna jakunkuna. Ga mai duba akwati ɗaya daga na'ura biyu, IMAP ce ta dace, sai dai in sabar ba ta da ita.

Tattalin layi da wuri

Masu ƙwarewa ba sa sauke cikakken saƙo da farko. Suna saita manhaja ta ɗauko kanun saƙonni kawai, wato mai aikowa, jigo da girma, ko kuma kilobait biyu zuwa biyar na farkon kowane saƙo, tare da iyakance kwanaki zuwa uku ko bakwai na baya. Wanda ya cancanci karatu sai a yi masa alama a sauko da sauransa. Lissafin a bayyane yake. Fayil ɗin da aka maƙala wa imel yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda yadda ake mayar da shi haruffa, don haka hoton kilobait 100 ya zama wajen 133. A layin kilobit 9.6, wanda ke ɗaukar bait 1,200 a daƙiƙa in komai ya tafi daidai, wannan hoto ɗaya zai ci kusan minti biyu. Ko an sauke fayil ɗin ma sai da manhajar buɗe shi: Pocket PC na zuwa da Pocket Word da Pocket Excel, masu Palm kuma sun dogara da Documents To Go. Idan na'ura na da katin ajiya, can ya kamata fayiloli su sauka.

Duba akwati duk bayan minti biyar yana cinye batir. Wannan ne ya ɗaga na'urar BlackBerry, wadda kamfanin Research In Motion na Kanada ya fitar a 1999: maimakon na'ura ta riƙa tambaya, saba ce ke turo saƙo da zarar ya iso. Sauran sun bi sahu, wasu ta umarnin IDLE na IMAP, Microsoft kuma ta Direct Push a Windows Mobile 5.

Matsalolin da aka fi gani

Wadda ta fi kowace yawa ita ce ana karɓar saƙo amma ba a iya aikawa. Dalili kusan kullum ɗaya ne cikin biyu: ko dai kamfanin da aka hau layinsa ya toshe ƙofa 25 domin hana tarkacen saƙonni, ko kuma sabar aikawa ta ƙi bare, ta dawo da kuskure mai lamba 550 ko makamanciyarta. Maganin shi ne a kunna shaidar shiga ta SMTP a koma ƙofa 587. Wasu tsofaffin sabobi kuwa sai an fara duba akwati ta POP3 kafin su yarda a aika na ɗan lokaci.

Saƙonni kan zo biyu-biyu idan aka haɗa hanyoyin biyu a kan asusu ɗaya, ko idan na'urar ta manta jerin lambobin saƙonnin da ta riga ta sauke bayan an yi mata sake-saiti. Ƙorafin takardar shaidar tsaro, wadda saba ke nunawa domin tabbatar da ko ita wace ce, sau da yawa matsalar agogo ce: batir ya ƙare, kwanan wata ya koma baya da shekaru, sai na'ura ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba. Rubutu ma kan fito a hargitse. Saƙon HTML yakan bayyana da alamomin tsarinsa a manhajar da rubutu zalla ta sani, kuma Palm OS na yammacin duniya bai san haruffan da ke wajen jerin Turai ta Yamma ba, don haka Larabci, Rashanci, ko haruffa irin su ɓ, ɗ da ƙ sukan koma alamar tambaya.

A yau, mai son tayar da tsohuwar PDA zai ci karo da bango na daban. Manhajojinta sun tsaya ne a tsofaffin tsarin tsaro na SSL 3.0 ko TLS 1.0, alhali an yi watsi da ta farko a 2015, ta biyu a 2021, kuma manyan masu ba da imel sun koma hanyar shiga da waɗannan manhajoji ba su sani ba. Masu sha'awar tsofaffin na'urori suna zagaye wannan da kwamfuta a tsakiya, mai ɗauke da manhaja irin stunnel: PDA ta yi magana da ita a cikin gida ta ƙofa 110 ko 143, ita kuma ta isar wa saba ta layin zamani, da kalmar sirri ta musamman da aka cire domin wannan na'urar kaɗai.