Shirin horar da masu digiri a manyan kamfanoni

Shirin horar da masu digiri tsari ne da babban kamfani ke ɗaukar matasan da suka gama jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, ya koya musu aiki kafin ya tabbatar da su a kan kujera. Yawanci yakan ɗauki shekara 1 zuwa 3. A Najeriya bankuna da kamfanonin siminti da na sadarwa da na mai ne suka fi gudanar da shi, kuma akasari sai da takardar kammala bautar ƙasa ake shiga.

Yadda ake gudanar da shi

Ana farawa da jarrabawar lissafi da fahimtar rubutu, sai ganawa. Waɗanda suka tsallake sukan yi makonni ko 'yan watanni a aji suna koyon dokokin kamfani da kariya daga haɗari. Wasu kamfanonin suna da makarantarsu, kamar wadda rukunin Dangote ya kafa a Obajana ta jihar Kogi.

Zuciyar shirin ita ce zagayen sassa. Injiniyan da aka ɗauka a masana'antar siminti zai zauna inda ake fasa dutse, ya koma wurin niƙa, sannan tanderun da ake gasa kayan a zafin da ya kai kusan digiri 1,450 a ma'aunin Celsius, daga nan ɗakin gwaji da sashen gyaran injina. A kowane sashe ana rubuta masa abin da zai iya kafin ya tashi, a ɗora masa wani aiki da zai kai ƙarshe da hannunsa, shugaban sashen ya sa hannu a littafinsa. Ana kuma haɗa shi da wani tsohon hannu wanda ba shi ke ba shi maki ba, domin ya samu wanda zai yi wa tambaya ba tare da tsoro ba.

Kamfani mai hangen nesa yakan biya wa ma'aikacin kuɗin jarrabawar ƙwarewa: jarrabawar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ga akantoci, da rajistar COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ga injiniyoyi. Asusun horar da ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin shekara daga kamfanonin da doka ta shafa, kuma yana iya mayar da har rabin kuɗin ga wanda ya nuna shaidar horar da ma'aikatansa.

Inda ake samun matsala

Babbar illa ita ce a tura matashi sashen da ba a shirya masa ba. Shugaban sashen yana fama da nasa aikin, sai a bar sabon da ɗaukar fayil da kwafe takardu har wa'adinsa ya cika. Maganin wannan shi ne a sa horarwa cikin abin da ake auna shugaban da shi. Gajeren zagaye ma ɓata lokaci ne, don wanda ya yi mako 3 a sashe bai ga rufe lissafin wata ko tsayar da injin don gyara ba.

Akwai kuma barin aiki bayan an gama horo. Wasu kamfanoni kan sa a rattaba hannu kan yarjejeniyar zama na wasu shekaru ko biyan kuɗin horon. Wannan yakan riƙe mutum na ɗan lokaci, amma masu tafiya sukan tafi ne idan ba su san matsayin da za a ba su da lokacin ƙarin girma ba, don haka ya kamata a faɗa musu tun ranar ɗauka.