Sigari "mai sauƙi" ba ta rage illa

An daɗe ana faɗa a fadoji da wuraren masu shayi a Maraɗi cewa gargaɗin da ke jikin kwalin sigari na masu shan mai ƙarfi ne, wai mai farin kwali ko mai sanyin hayaƙi ba ta cutarwa sosai. Ba abin mamaki ba ne a yarda da hakan, tunda ba ta ƙona maƙogwaro.

Sai dai tabar da ke ciki kusan ɗaya ce. Bambancin yana wajen audugar gindin karan, inda ake huda ƙananan ramuka don iska ta gauraya da hayaƙi. Na'urar gwaji takan nuna kwalta da nikotin sun ragu, amma mutum yakan toshe ramukan da yatsu ko leɓe ba tare da ya sani ba, kuma yakan ƙara zuƙa don jiki ya samu abin da ya saba. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki na jawo ciwon daji. Shi ya sa ƙasashe da dama suka hana rubuta suna irin "mai sauƙi" a kwali.

Kowa na iya dubawa. A ɓare takardar audugar a ɗaga ta ga haske, sau da yawa za a ga jerin ramukan. A kuma kwatanta kwali biyu: duka suna da gargaɗi. Mai sayen kara ɗai-ɗai wajen mai tebur ma ba ya ganin rubutun sam.

Don Allah a tura wa ƴan uwa da abokan fada.