Rage filafilin ƙaramin jirgin ruwa in iska ta yi ƙarfi: tambayoyi da amsoshi

Wai mene ne rage filafili?

Ƙaramin jirgin ruwa da iska ke turawa yana da doguwar sanda a tsaye, da wata a kwance a ƙasanta da masu harkar ke ce wa bum, babban filafilin kuma wani ƙyalle ne mai kusurwa uku da ke ɗaure tsakaninsu. In iska ta yi yawa sai a sauko da shi kaɗan a naɗe ƙasansa a kan bum, faɗin da iska ke bugawa ya ragu. Shi ne Turawa ke ce wa rifin.

To ba iskar ake nema ba? Me ya sa za a rage?

Nan fa mutane da yawa ke ruɗewa. Ƙarfin bugun iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta, in gudun ya ninka biyu to bugun da take yi wa ƙyallen ya ninka huɗu ne. Sai ka ga jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa na lasar bakinsa, yana ta son juya kai wajen da iskar ke fitowa, kai kuma kana jan sandar tuƙi da iyakar ƙarfinka, kuma wannan jan da kake yi birki ne kake taka wa kanka a cikin ruwa. Shi ya sa sau da yawa in ka rage sai jirgin ya miƙe, gudun ma bai ragu ba, wani lokacin har ƙaruwa yake.

Yaushe ya kamata a yi?

Tun da wuri, wallahi wannan ita ce maganar da na fi so ta zauna. Yawancin ƙananan jirage suna fara neman ragi in iska ta kai not 15 zuwa 18, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa, ka ga wajen kilomita 30 kenan. A ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort na 1805 wannan ƙarshen mataki na 4 ne shiga na 5, lokacin da farin kumfa ke yawaita a kan igiyar ruwa. Ko ba ka da na'ura idonka ya ishe ka. In tun a gaɓa ka ga alamar haka, rage kafin ka kwance jirgi, don warware ragi in iska ta lafa minti kaɗan ne, amma sa shi a tsakiyar ruwa jirgi na tsalle da kai wahala ce ta gaske.

Ya ake yi in an riga an fita?

Kowa ya sa rigar ceto tukuna. Ka karkata goshin jirgi kusa da inda iska ke fitowa, ka sassauta igiyar da ke sarrafa bum har ƙyallen ya fara kaɗawa, da wadda ke danne bum ƙasa ita ma. Ka ja igiyar da ke riƙe ƙarshen bum daga sama don kar ya faɗo kan mutane. Sannan ka sake igiyar ɗaga filafilin a hankali, filafili ya sauko har zoben ragi na gaba, wanda ke ɗinke a gefen ƙyallen da ke jikin doguwar sanda, ya iso ƙugiyar da ke gindin bum, ka maƙala, ka sake ɗaga filafilin ya miƙe tam. Sai bayan nan za ka ja igiyar ragi ta baya har zoben baya ya zauna daf da bum. Gaba kafin baya, kar a juya, in ka fara jan ta baya alhali gaba na sake kana iya yaga ƙyallen ko ka fizge shi daga sanda. In an gama a saki mai riƙe bum, a ja ta sarrafawa a ci gaba.

Waɗannan ƙananan igiyoyin da ke jere a tsakiyar ƙyallen fa?

Na tattara rarar ƙyalle ne kawai don kar ya riƙa lilo yana tare maka gani ko ya tara ruwa. Ba a yi su don ɗaukar nauyi ba, a ɗaure su sako-sako da ƙullin da ke saurin kwancewa. Kuma ranar warware ragi su ake fara kwancewa, wanda ya manta ya saki igiyar baya suna ɗaure to duk nauyin iska kansu zai koma, a nan ƙyalle ke ɓarkewa.

In an rage kuma iskar ta ƙaru?

Yawancin filafilai suna da layin ragi biyu, na masu nisan tafiya a teku har uku, sai a sauka na biyu kamar yadda aka yi na farko. Filafilin da ke gaban doguwar sanda shi ma a naɗe wani sashe ko a sa ƙarami, in ba haka ba tuƙin zai rikice. In an kai layin ƙarshe jirgi bai daina kwanciya ba, a sauke babban filafilin duka a nemi gaɓa mafi kusa da ke da kariya daga iska.