Murya ta dishe kuna cewa ci gaba ne, haba jama'a

Aikina gyaran magana da murya ne a wani asibiti a nan Ingila, kuma cikin masu zuwa wajenmu akwai masu sauya jinsi da ke son muryarsu ta dace da yadda suke rayuwa. Abun da ya sa na zauna rubutun nan shine irin maƙoshin da ake kawo mana kwanan nan. Mutum zai shigo murya a dishe, wuya a sandare, haɗiyar miyau ma da ƙyar, ka tambaye shi wa ke koya maka, sai ya ce wani ne a TikTok, ko wata a YouTube da yake biyanta duk wata. Ka ce toh ba ka jin zafi in kana yi? Sai ya ce ina ji mana, ai malamar ta ce in daure, zafin shine alamar aikin na shiga.

Wallahi wannan maganar ce ke ɓata min rai. Tantanin murya guda biyu ne ƴan ƙanana a cikin maƙogwaro, tsawonsu bai wuce santimita 2 da ɗan abu ba, suna bugun juna sau ɗari ko fiye a daƙiƙa ɗaya in kana magana. Zafi a wajen nan rauni ne kawai. Duk malamin da ya ce ku daure da zafi, ku bar shi a ranar, ko da kun riga kun biya kuɗin wata uku.

Na san dalilin gaggawar, kuma ban raina shi ba. Mutum ya ɗaga waya a banki a kira shi da abun da ba shi yake so ba, ya rasa yadda zai yi, ya dawo gida ya kulle ɗaki ya yi ta matse murya awa biyu cur har sai ta ƙare. Ina tausaya muku sosai. Amma matsewar nan ita ke kawo kumburi da ƙullutu a tantanin, da ɗaurewar naman wuya wanda warware shi kan ɗauke mu watanni, sai ka ga wanda ya zo neman sabuwar murya ya rasa har ta da.

Mafi yawan masu wannan ɓarnar siririyar murya suke bi ido rufe. Sun saukar da manhaja a waya mai nuna lamba, an ce musu muryar maza tana wajen 100 zuwa 120 Hz, wato yawan bugun tantanin a daƙiƙa, ta mata kuma wajen 200, shikenan sai a yi ta hawa sama kaman ana gasa. Alhali kunnen mutane amon murya yake saurara sosai, wato yadda baki da harshe da maƙoshi ke gyara sautin kafin ya fito, da nauyinsa, da yadda kake hawa da sauka cikin zance. Malamin kirki daga nan yake farawa, a hankali, minti biyar goma sau da yawa a rana. Akwai wadda ta nuna min yadda aka koya mata ta sa yatsu ta tura maƙogwaro sama ta riƙe shi a nan tana magana, wata kuma aka ce ta fara haɗiya ta tsaya a tsakiya. Dan Allah ku daina. Ku daina taɓa maƙogwaro da hannu.

Batun magani kuma ku sani, estrojin, sinadarin jikin mata, ba ya sirantar da muryar da ta riga ta buɗe tun balaga, kar wani ya yaudare ku da wannan. Testosteron, na maza, yana ƙara wa tantanin kauri murya ta yi ƙasa cikin watanni, kuma ba ta komawa yadda take, to a wannan lokacin da take fashewa tana rawa shine kuma wasu ke danna ta ƙasa da ƙarfin tsiya suna gurnani. Ɓarnar ɗaya ce. Masu ɗaure ƙirji kuma ku faɗa wa malamin, don yana rage numfashi.

Toh ya za a zaɓi malami? A Ingila sunan likitan magana da harshe doka ce ke kare shi, sai mai rajista da HCPC, hukumar da ke rajistar irin waɗannan ma'aikatan lafiya, kuma kowa zai iya shiga shafinsu ya duba suna kyauta. A Amurka ku nemi mai lasisin jiha, galibi za ku ga CCC-SLP a bayan sunansa, shaidar ƙwarewa daga ASHA, ƙungiyar masu wannan aikin a can. Amma "kocin murya" kowa ma zai iya kiran kansa haka gobe da safe. Ban ce duk na banza bane, akwai masu koyarwa da su kansu sun bi hanyar nan kuma sun iya aikin fiye da wasunmu masu takarda, gaskiya a faɗe ta. Sannan takarda kaɗai ba ta nuna mutum ya taɓa aiki da masu sauya jinsi ba. Sai an tambaya.

Ga abun da za ku duba, a gurguje:
- ya tambaye ku irin muryar da kuke so, ko shi ya yanke muku yadda mace ko namiji ya kamata ya yi magana?
- yana kiranku da suna da lafazin da kuka ba shi ba tare da an yi ta tuna masa ba?
- in kun ce akwai zafi me yake yi, yana tsayawa?
- ya san likitan kunne da hanci da maƙogwaro da zai tura ku wajensa?
- ina yake ajiye muryar da ya naɗa, wa ke ji? Wannan ku riƙe shi da kyau, ba kowa ne danginsa suka sani ba
- wanda ya yi alkawarin sabuwar murya cikin sati biyu, ku wuce

Wani abu da ba a cika faɗa ba, in kuna jin Hausa ko wani yaren gida ku gaya masa. Hausa hawa da saukar sauti na cikin kalmar kanta, salon da aka koya muku a turanci ba lallai ya zauna daidai ba in kun juya harshe, sai an gwada da shi ma.

Ku sha ruwa, ku rage sigari da shisha, ku bar yawan gyaran murya da kaki, kar kuma ku koma raɗa wai kuna hutar da murya, ita ma tana gajiyar da ita. In dishewa ta kai sati 3 ba ta tafi ba ku dakatar da atisaye gaba ɗaya ku je a leƙa maƙoshin da kyamara, ƴan mintuna ne ta hanci, kafin ma a yi zancen sabon malami ko tiyata.